Cukun Tukunus ya cancanci rumfa



A tsibirin Zanzibar na ƙasar Tanzaniya akwai wani fili a bakin teku da ake kira Forodhani. Rana na faɗuwa, masu abinci za su jera tebura, su kunna fitilu, su hura gawayi. Ga tsirensu da suke kira mishkaki, ga kifi, ga rake ana matse ruwansa a gaban mai saye. Baƙi daga nesa suke zuwa su ci a tsaye, su koma gida suna ba da labari. Kanumfarin nan ma da iyayenmu mata ke dakawa a fura, Zanzibar ta daɗe da yin suna wajen nomansa.

To, mu a ƙasar Kurfai me muka rasa?

Ku je Tukunus, arewa da Filinge, inda gidan gonar gwamnati ke kiwon shanun Azawak. Ku ga yadda mace ke haɗa cuku: ta sa wa madarar safe abin da zai daskarar da ita, ta tsame, ta baza da tafin hannu a kan ƴar tabarma, siriri kamar takarda, ta shanya a rana. In ya bushe, har zanen tabarmar za ka gani a jikinsa. Ka karya ka haɗa da shayi, ko a daka maka shi cikin fura. Matafiyi zai kai shi Yamai a jaka bai lalace ba. Wannan gwaninta ce ta kaka da kakanni, kuma da ita mata da yawa ke ciyar da gida.

Amma dubi inda muke barin su. Mai cuku da mai ƙosai da mai fura suna zaune a bakin titi, rana na dukansu, kowace mota ta wuce ta tule musu ƙura a ƙwarya. Ruwan wanke kwano ma sai an saya. Wallahi abin yana min ciwo.

Ina kira ga magajin gari da shugabannin kasuwa: ku ware wa matan nan wuri kusa da tasha, da rumfa da famfo da fitila mai aiki da hasken rana. Ku kuma iyayenmu masu sana'a, don Allah a riƙa rufe abinci da faifai.