Mita 30 a Bayan Agogo: Abin da Lambar Ke Nufi da Abin da Ba Ta Nufi

Tambayar da mai sayen agogon hannu ya fi yi a tashar Kwangila ita ce ko agogon yana shiga ruwa. Amsar mai talla kuwa ba ta canzawa. Zai juya agogon, ya nuna rubutun da aka zana a marfin bayansa, 30M ko 3 ATM, ya ce har mita 30 za a nutse da shi ba abin da zai same shi. Mai saye ya biya, ya shiga motar Kano ko ta Funtuwa yana murna. Bayan wata biyu sai ya ga raɓa ta kwanta a cikin gilashin, alhali bai taɓa shiga kogin Kubanni da agogon ba, alwala kawai yake yi da shi.

A irin wannan ciniki sau da yawa ba wanda ya yi niyyar cutar wani. Mai talla ya karanta lamba ya ɗauke ta a zahirinta, mai saye kuma ya yarda da shi. Amma lambar gwajin ɗakin bincike take faɗa. Tsare agogo daga ruwa aikin wani siririn zoben roba ne wanda yake tsufa. Saboda haka agogo mai araha da ya cancanci a saya a adana shi ne wanda za a iya buɗewa, a gyara, a rufe yadda ya kamata.

Daga ina lambar ta fito

Ruwa yana da nauyi. Duk mita 10 da aka nutsa, matsin da ke danne abu yana ƙaruwa da kimanin kwatankwacin matsin iskar da ke kan doron ƙasa. Wannan shi ne ATM ɗaya, ko ba ɗaya. Don haka 30M da 3 ATM magana ɗaya ce: sabon agogo irin wannan ya jure matsin da ya kai na zurfin mita 30, a cikin ruwa mai tsabta da ke tsaye cik, na ɗan gajeren lokaci.

Ƙa'idar duniya da ke kula da wannan ita ce ISO 22810 ta shekarar 2010. Daga cikin gwaje-gwajenta akwai nutsar da agogo a zurfin santimita 10 na tsawon awa guda. Akwai kuma gwajin raɓa: a ɗumama agogon zuwa ma'aunin zafi 40 zuwa 45, a ɗiga masa ruwa mai ɗan sanyi a kan gilashi, a jira minti ɗaya. In raɓa ta bayyana daga ciki, to ruwa ya riga ya shiga. Ƙa'idar ta yarda kamfani ya gwada samfuri daga cikin abin da ya ƙera, ba lallai kowane agogo ba. Agogon masu ninƙaya a ƙarƙashin teku yana da tasa ƙa'idar daban, ISO 6425, wadda ta shar'anta aƙalla mita 100, kuma a gwada kowane agogo ɗaya bayan ɗaya da matsin da ya zarce abin da aka rubuta da kashi 25 cikin 100.

Shi ya sa kamfanonin da kansu suke ba da shawarar da ta yi ƙasa da lambar. Mai mita 30 na yayyafi ne da wanke hannu. Mai mita 50 zai jure ruwan sama da ɗan iyo a ruwa marar zurfi. Mai mita 100 shi ne na iyo sosai, mai mita 200 kuma na nutso. Duk wannan a kan agogo na asali ake magana. Jabun da aka lika wa sunan Rolex ko Rado ba a gwada shi da komai ba, lambar da ke bayansa ado ce kamar sauran rubutun.

Ƙofofi uku

Ruwa ba ya huda ƙarfe. Ta mahaɗa yake bi, kuma mahaɗa uku ne a jikin agogo: gefen gilashi, marfin baya, da ɗan kunnen da ake saita lokaci da shi ko maɓallan da ake dannawa. Kowace mahaɗa an toshe ta da zoben roba ko na leda mai tauri. Kamfanin Rolex ya yi suna a 1926 da agogonsa na Oyster saboda ya sa marfin baya da kunnen wani duka ana murɗa su su ɗaure kamar noti. A shekarar da ta biyo baya wata mai iyo 'yar Ingila, Mercedes Gleitze, ta shafe fiye da awa goma da irinsa a cikin mashigin ruwan da ke tsakanin Ingila da Faransa, ta fito yana aiki. A 1967 injiniyoyin garin Chistopol na Tarayyar Sobiyet suka fito da Vostok Amphibia, suka bi wata dabarar: sun ƙera shi ta yadda duk sa'ad da matsin ruwa ya ƙaru, marfin baya yana ƙara danne robar da ke ƙarƙashinsa. Har gobe masu tara agogo marasa tarin kuɗi suna nemansa.

Roba kuwa tana da ajali. Zafi yana busar da ita, sabulu da turare da gishirin zufa suna cin ta, ƙura kuma tana shiga tsakaninta da ƙarfe ta hana ta zama daidai. Duk waɗannan ba baƙi ba ne a Zariya. Akwai zafin Maris da Afrilu, akwai damina mai zubar da ruwan da ya kai kimanin milimita 1,000 tsakanin Mayu da Oktoba, ga ƙurar hunturu da ba ta barin ko cikin akwati. Sannan ga alwala. Wanda yake sabunta alwala a kowace salla yana kai ruwa tsintsiyar hannunsa sau 1,825 a shekara. Babu gwajin ɗakin bincike da ya lissafa wannan. Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma tsagewar bangon agogo ido ba ya ganinta.

Wanda ya cire agogonsa kafin alwala ya ci riba biyu: ruwa ya isa fata yadda malamai suka shar'anta, robar kuma ta ƙara kwana. Haka nan kada a danna maɓalli ko a ja kunne alhali agogon yana jiƙe, domin a wannan lokacin ƙofar a buɗe take.

Abin da ke ciki

Injin agogo iri biyu ne. Na farko shi ne mai wani. Ƙarfinsa yana cikin wani dogon sifirin da aka naɗe, wanda yake warwarewa a hankali yana juya jerin ƙafafu masu haƙora. Wata 'yar ƙafa mai lilo gaba da baya ita ce take ƙayyade gudunsu. Injin 7S26 na Seiko, wanda ya fito a 1996 kuma ya cika cikin Seiko 5 na shekaru masu yawa, yana bugawa sau 21,600 a awa, wato sau 6 a daƙiƙa, sau 518,400 a yini da dare. Duwatsu 21 da ake rubutawa a fuskarsa ba dukiya ba ce. Yaƙutu ne na masana'anta da aka dasa a wuraren da ƙarfe ke gogar ƙarfe don rage ci. Ba ya buƙatar batir, motsin hannu ne ke juya wani ɗan faranti mai nauyi a bayansa yana yi masa wani. Maƙiyinsa tsatsa: ɗigo ɗaya na ruwa ya isa ya lalata man da ke cikinsa ya kama haƙoran.

Na biyu shi ne mai batir na kwaz, wanda Seiko ya fara sayarwa ranar 25 ga Disamba, 1969, da sunan Astron. A cikin irin na yau akwai ɗan ƙanƙanin dutsen kwaz da aka yanka kamar baki biyu na cokali mai yatsu. Idan lantarki ya ratsa shi yana karkarwa sau 32,768 a daƙiƙa. An zaɓi wannan adadi ne domin idan aka raba shi biyu sau 15 a jere, ɗaya ce za ta rage, wato bugu ɗaya a kowace daƙiƙa. Shi ya sa Casio F-91W, wanda ya fito a 1989 kuma ɗalibai da direbobi da sojoji suka san shi a ko'ina, kuskurensa bai wuce daƙiƙa 30 a wata ba, alhali mai wani yana iya yin irin wannan kuskure a rana guda. Batirinsa CR2016 yakan kai kimanin shekara 7. Maƙiyin mai batir kuwa shi ne danshi a kan siraran hanyoyin lantarki, da mataccen batir da aka bari a ciki har ya yi yoyo.

Wani misali zai raba inji da gidan da yake ciki. Injin 7S26 ɗin nan shi ne a cikin ƙaramin Seiko 5 mai mita 30, kuma shi ne a cikin SKX007 na masu nutso mai mita 200. Bambancin yana ga kaurin gidan, da murɗaɗɗen kunne, da robobin. Don haka jin ana yabon injin agogo ba ya gaya wa mai saye komai game da ruwa.

Agogon da ba a buɗewa

A kasuwar duniya an sami sabon yayi na agogon da ake tarawa ba tare da kashe miliyoyi ba. A watan Maris na 2022 kamfanin Swatch na Suwizalan ya haɗa hannu da Omega suka fitar da MoonSwatch a kan dala 260, mutane suka kwana a layi a manyan biranen duniya. Mai batir ne, kuma mita 30 ce iyakarsa. A Satumba na 2023 aka biyo shi da na haɗin gwiwa da Blancpain a kan dala 400, mai mita 91. Injinsa Sistem51 ne, mai sassa 51 da na'ura ke harhaɗawa, wanda yake riƙe wani na awa 90. Dabara ce ta gaske. Sai dai an like gidan ne ba don a riƙa buɗewa ba, kuma in ya lalace sai dai a musanya.

Masu son wannan tsari suna da hujja: abin da ba a buɗewa ba ya samun hannun da zai ɓata robarsa. Hujjar tana da ƙarfi ga wanda shagon kamfanin ke bayan gidansa. Ga mutumin Tudun Wada ko Samaru, agogon da ba mai iya buɗe shi a Zariya ranar da ya tsaya ita ce ranar mutuwarsa. Tsohon Seiko 5 ko Citizen ko Orient da wani alhaji ya kawo tsaraba daga Makka shekaru 40 da suka wuce yana iya tashi a yau, saboda an ƙera shi ne da tunanin cewa wata rana wani zai buɗe shi ya wanke ya sa mai. Abin da ake cewa na adanawa ne ya kamata ya iya kai wa ɗa da jika.

Inda nauyin ya rataya

Ranar da agogo ya fi shiga haɗari ita ce ranar canza batir. Mai gyara ya ɓalle marfi da bakin wuƙa, robar ta zame ko ta tsinke, ya mayar da marfin a haka, mai agogo ya tafi yana ganin har yanzu yana da mita 30 ɗinsa. Aikin da ya dace bai fi na minti biyar ba: a cire zoben, a duba ko ya bushe ko ya baje, a share ramin da yake kwanciya, a shafa masa ɗan giris na silikon, in ya mutu a sa sabo daidai girmansa. A irin F-91W kuma a ɗaure kusoshi huɗun baya a hankali, ɗaya da kishiyarta, don marfin ya zauna daidai.

Mai gyara ba zai yi wannan ba muddin mai agogo kuɗin batir kaɗai yake son biya. Wayar hannu ta riga ta rage wa masu gyaran agogo kasuwa, kuma 'yan teburansu masu akwatin gilashi suna raguwa a bakin kasuwanni. Wanda ya biya kuɗin roba da giris ya sayi shekarun agogonsa, ya kuma ba mai sana'ar dalilin ci gaba da zama a teburinsa. Shi ma mai gyaran in ya faɗi gaskiya cewa ba shi da na'urar gwajin matsi, don haka bayan buɗewa a nisanta agogon daga ruwa, ya fi wanda ya yi shiru mutunci.

Idan raɓa ta riga ta bayyana, binne agogo a cikin shinkafa ɓata lokaci ne. Danshin yana ciki a rufe, tsatsa kuma ba ta jira. A kai shi a buɗe a ranar, a cire batir, a busar.

Wani zai ce duk wannan wahala ce a kan abin da za a iya jefarwa a sayi wani. Lissafi bai goyi bayansa ba. Jabun da ake ta saye suna mutuwa ɗaya bayan ɗaya suna iya fin Casio ɗaya na asali tsada, kuma wanda ya sayi rariya ya san za ta yi yoyo. Akwai ma gwaji mai sauƙi ga F-91W: a danne maɓallin dama na 'yan daƙiƙoƙi, na asali zai rubuta sunan kamfanin a fuskarsa, ko da yake wasu masu jabun sun koyi kwaikwayon hakan.

Ana yi wa agogo kirari da sarkin aiki, kuma ya ci sunan, tunda dare da rana ba ya hutawa. Mai saye a Kwangila zai fi amfana idan ya sauya tambayarsa. Maimakon ya tambayi mita nawa agogon zai nutse, ya juya bayansa ya duba ko marfin na buɗewa ne, ya tambayi irin batirin ko injin da ke ciki, sannan ya tabbatar akwai wanda zai iya rufe shi da sabuwar roba a cikin garin Zariya.