Sai Bango Ya Tsage Ƙadangare Ke Samun Wurin Shiga

Wani abu da ya zama ruwan dare a tsakanin matasa a yau shi ne sauke manhaja a waya ba tare da karanta ko da layi ɗaya na abin da take nema ba. Manhaja ta ce tana son ganin jerin lambobin da ke cikin waya, ɗan uwa ya danna ya amince. Ta ce tana son sanin inda yake tsaye, ya amince. Ta ce hotuna, ta ce makirufo, duk ya amince, don dai ta buɗe da wuri. In aka yi masa magana sai ya ce ai shi talaka ne, ba shi da abin ɓoyewa, wa zai damu da shi? To wannan magana ita ce babban kuskuren, domin abin da ke cikin wayar ba nasa ne shi kaɗai ba.

A duba abin da ya faru a shekarar 2020. A watan Nuwamba na shekarar, wata kafar labarai ta Amurka mai suna Motherboard ta fallasa cewa manhajar Muslim Pro, wadda miliyoyin Musulmi ke duba lokutan salla da alƙibla da ita, tana tura bayanan wuraren da masu amfani da ita suke zuwa ga wani kamfani mai suna X-Mode. Shi kuwa wannan kamfani sana'arsa ke nan, tattara irin waɗannan bayanai ya sayar, kuma cikin masu saye har da 'yan kwangilar da ke yi wa sojojin Amurka aiki. Masu manhajar sun musanta cewa sun sayar wa soja da wani abu, suka kuma yanke hulɗa da kamfanin. Amma a farkon 2024 hukumar kula da kasuwanci ta Amurka ta haramta wa X-Mode ɗin sayar da bayanan wurare masu muhimmanci irin su wuraren ibada da asibitoci. Shi dai bawan Allah da ya sauke manhajar lokacin salla yake nema, bai san cewa sawun ƙafarsa ya zama haja a kasuwa ba. Banza ba ta kai zomo kasuwa. Duk manhajar da aka ba mutum kyauta, ya kamata ya tambayi kansa da me masu ita suke cin abinci.

Wanda yake ganin Amurka ta yi nisa, to ga na gida. Manhajojin ba da bashi da suka cika Nijeriya ba sa neman jingina, ba sa neman shaida. Jinginarsu ita ce jerin lambobin da ke wayar mai karɓar bashin. Ranar da biya ya yi jinkiri, sai saƙo ya isa ga mahaifinsa, da malaminsa, da surukinsa, ana kiransa ɓarawo macuci, wani lokacin har da hotonsa. Abin ya yi muni har a watan Maris na 2022 hukumar kare haƙƙin masu saye ta tarayya, wato FCCPC, ta kai samame ofisoshin wasu daga cikinsu a Legas. A 2023 kuma kamfanin Google ya hana manhajojin bashi da ke shagonsa taɓa lambobi da hotunan mutane. Sai dai har yanzu akan tura wa mutane irin waɗannan manhajoji ta bayan fage, ta hanyar saƙo, ba ta shagon ba. Ga musibar riba, ga tozarci. Su kuma mutanen da aka buga wa waya aka ci wa mutunci, laifin me suka yi? Lambarsu kawai suka ba ɗan uwansu bisa yarda, shi kuma ya miƙa ta ga wanda bai sani ba.

Na uku shi ne satar WhatsApp, kuma wannan ya fi kowanne sauƙi. Ɓarawon ba ya bukatar wani ilimin kwamfuta. Zai saka lambar mutum a tasa wayar, sai WhatsApp ta aiko wa mai lambar da saƙo mai ɗauke da alƙaluma 6. Daga nan sai ya kira shi da murya mai daɗi, har da sallama, ya ce akwai taro ta intanet ko rajistar tallafi, a karanto masa lambar da aka turo. Da zarar an karanto, shi ke nan, an ƙwace. Sai ya shiga zaurukan da mutumin yake ciki, ya bi 'yan uwa ɗaya bayan ɗaya da sunansa yana roƙon kuɗin asibiti. Mutum ɗaya ya yi sakaci, zaure guda ya shiga uku. Haka abin yake ga lambar sirri da banki ke turowa, da ta katin ATM. Babu ma'aikacin banki na gaskiya da zai kira mutum ya nemi waɗannan.

Ba ana cewa a jefar da waya a koma zamanin wasiƙa ba ne. Waya kayan aiki ce, da ita ake karatu, da ita ake sana'a, da ita ake sada zumunci. Abin da ake cewa shi ne a riƙe ta da hankali. Ɗan uwa ya shiga saitin wayarsa ya duba izinin da ya ba kowace manhaja, ya janye wanda bai dace ba. Tocila ba ta da hulɗa da lambobin mutane. Manhajar lokutan salla kuwa, a mafi yawansu ana iya rubuta sunan gari da hannu, ba sai ta riƙa bin mutum duk inda ya sa ƙafa ba. Ya kunna tabbatarwa mai mataki biyu a WhatsApp, aikin da bai kai minti 2 ba. Kada ya sa shekarar haihuwarsa ko 1234 a matsayin lambar sirri, kada kuma ya yi amfani da kalmar sirri ɗaya a ko'ina. In ya yi aiki da kwamfutar shago ko wayar aboki, ya tabbata ya fita daga shafinsa kafin ya tashi. In saƙon neman kuɗi ya zo da sunan wani, a kira shi a ji muryarsa tukuna.

Masu kula da zauruka nauyinsu ya fi na kowa, domin lambobin mutane da yawa na hannunsu. Ya kamata su riƙa tunatarwa, su kuma cire duk lambar da aka sace nan take kafin ɓarna ta yaɗu.

Lambar da wani ya ba ɗan uwansa amana ce, hoton iyali amana ne, hirar da aka yi a asirce amana ce. Wanda ya bar ƙofarsa a buɗe aka shiga ta nan aka cuci maƙwabcinsa, ba zai ce babu ruwansa ba. In kunne ya ji, jiki ya tsira. Allah Ya kare mu daga sharrin macuta, Ya ba mu ikon riƙon amana.