A Tura Yaran Katagum Su Koyo Rabon Ruwa

Duk mutumin Katagum da ke zaune a Ikko ko Badun ko Shagamu, in dai yana zuwa ganin gida, ya san kogin Jama'are fuska biyu gare shi. In ya bi ta gadar Jama'are cikin watan Agusta sai ya ga ruwa ya cika ya batse har ya shiga gonaki. In ya komo da bazara sai ya tarad da rairayi fari fat. A daminar 2024 ambaliya ta yanke babban titin Kano zuwa Maiduguri a ƙasar Katagum, sai da masu motoci suka koma zagaye. Watanni kaɗan bayan haka manoman rani suna rigima da injin ban ruwa.

To, akwai ilmin da aka keɓe don wannan matsala, watau ilmin tsara amfani da ruwa, kuma ya bambanta da aikin injiniya mai gina madatsa. Injiniya shi ke faɗin yadda za a tare kogi. Mai tsara ruwa kuwa shi ke lissafin ko ya kamata a tare shi, da nawa za a ba mai shinkafa, nawa za a sakar wa masunci da Bafillatani da mutanen da ke can ƙasa. Wannan ilmi ne ya kamata a tura samarin Katagum da Jama'are ƙasashen waje su ƙaro.

Dalili kuwa a fili yake. Kogin nan daga tsaunukan Jos ya taso, ya ratso ƙasar Ningi, ya wuce Jama'are da tsohon garin Katagum, ya haɗu da kogin Haɗejiya wajen Gashuwa, daga nan su zama kogin Yobe su nufi Tafkin Chadi. An tare ɓangaren Haɗejiya tun da daɗewa: madatsar Tiga a 1974, ta Challawa a 1992. Na Jama'are ne ya rage ba a ɗaure shi ba. Tun bayan kafa Hukumar Raya Kogunan Haɗejiya da Jama'are a 1976 ake maganar madatsar Kafin Zaki a ƙasar Ningi, wadda aka ce za ta riƙe ruwa mita kubik miliyan 2,700, ta shayad da gonaki hekta 120,000. Gwamnatin Shagari ta ba da kwangila, aka soke a 1984, aka farfaɗo da ita a 1992, aka kuma sokewa a 1994. Yaron da aka haifa ran da aka fara maganar yau ya yi furfura.

Mutanen Bauchi na cewa an tauye musu arziki. Mutanen Yobe da Borno na cewa ran da aka tare kogin nan fadamunsu sun mutu. Kowa da gaskiyarsa. Amma abin lura shi ne, alƙaluman da aka fi kafa hujja da su a wannan gardama, Turawa ne suka ja gaba wajen tara su. Farfesa Hollis na jami'ar Landan da abokan aikinsa su suka auna yadda ambaliya ta ragu a dausayin Haɗejiya da Nguru bayan Tiga da shekarun fari. Farkon shekarun 1990 wasu masana uku, Barbier da Adams da Kimmage, suka yi lissafi suka nuna ruwan da aka bari ya malala fadama ya fi kawo amfani, ta noma da kifi da itace, bisa ga wanda aka karkatar gonakin ban ruwa na Kano. Ba a ce sun yi ƙarya ba. Sai dai in za a zauna a Damaturu ko Abuja a raba ruwan kogin da ya ratsa ƙofar gidan mutum, abin kunya ne wakilinsa ya je da ƙorafi kawai, wasu su zo da lissafi.

Wani zai ce ai akwai makarantu a gida. Haka ne. Akwai Cibiyar Nazarin Albarkatun Ruwa ta Ƙasa a Kaduna, akwai sashen injiniyan ruwa a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, kuma can ya kamata yaro ya yi digirinsa na farko. Amma na biyu, a bar shi ya je ya ga yadda wasu suka yi. A garin Delft na ƙasar Holan akwai makarantar ruwa da aka buɗe a 1957, shekara huɗu bayan ambaliyar teku ta 1953 da ta kashe musu mutum fiye da 1,800. Mutanen da wajen rubu'in ƙasarsu ke ƙasa da teku ba su ɗauki ruwa da wasa ba. Abin da ɗalibi zai fi ƙaruwa da shi a can ba ma littafi ba ne: zama ne aji ɗaya da ɗan Masar da ɗan Habasha da ɗan Sudan, waɗanda ƙasashensu ke jayayya kan kogin Nilu, irin jayayyar Bauchi da Yobe sak.

Sai dai da sharaɗi. Manyan kogunan Turai ba su ƙafewa da rani, kuma rana ba ta shanye musu ruwan madatsa yadda take yi a Arewa. Wanda ya kwafo tsarinsu ya kawo Gamawa ko Itas sai ya yi ɓarna. Ciyawar kacala da ta toshe hanyoyin ruwa wajen Haɗejiya da Nguru ta samu gindin zama ne bayan an mai da kogin da ya saba bushewa da rani ya zama mai gudu shekara duka. Saboda haka duk wanda za a tura, a rubuta masa cewa bincikensa na ƙarshe kan kogin Jama'are zai yi shi, ya zo ya auna rijiyoyin fadama da kansa, ya zauna da sarkin ruwa da arɗo, sa'an nan ya yi wa jiha ko jami'ar Gadau aiki na wasu shekaru. Dole a yi wannan sharaɗi, don ƙarshen 2024 asusun TETFund ya ba da sanarwar dakatad da tura malamai karatu waje, kuma cikin dalilansa har da waɗanda suka tafi suka ƙi komowa.

Nan ne maganar ta zo kan mazauna Kudu. Albasa da tattasai da busasshen kifi da shanun da ake saukewa a Mile 12 da Agege, da yawansu ruwan waɗannan fadamu ne ya raya su. 'Yan kasuwar nan suna da ƙungiyoyi, suna tara kuɗi su gina masallaci, su kai gawa gida, su yi wa Sarki maraba. Galibinsu kuma in ɗa ya yi ƙoƙari a makaranta, likita ko lauya ake so ya zama. Kuɗin karatun waje ya fi ƙarfin mutum ɗaya a yadda Naira ta koma, amma bai fi ƙarfin ƙungiyar 'yan Katagum ta Ikko ba in ta haɗa kai da ta Badun da ta Fatakwal, ta nemi gwamnatin Bauchi ta ɗauki rabi. Yaro ɗaya ko yarinya ɗaya duk shekara biyu ya isa a fara, a zaɓe shi ta jarrabawa a Azare, ba ta sanin ubansa ba.