Sharhi: Wa Ke da Alhakin Tsakar Gida da Lungu a Gidajen Gwamnati da na Haya?

Kamar yadda jama'a suka sani, salon zamanmu a Jihar Katsina ya sauya ƙwarai tun daga lokacin da aka ƙirƙiro jihar a ranar 23 ga Satumba, 1987. A da, akasarin mutanenmu a gidan gandu suke tashi, inda kowa ya san mai gida, kuma maganarsa ita ce ta ƙarshe. A yau kuwa, daga rukunin gidaje na Barhim da Goruba da Makera a birnin Katsina, zuwa gidajen haya da na ma'aikata a Kankiya da Kusada, za a tarar da malamin makaranta da ma'aikacin asibiti da ɗalibi da ɗan kasuwa suna shan ruwan famfo ɗaya, suna bin ƙofa ɗaya, alhali ba dangin iya, ba na baba. Hatta a ƙauyuka irin su Bauranya, inda har yanzu kowa ya san kowa, akwai rijiya da dandali da lungu da harabar makaranta waɗanda jama'a suka yi tarayya a kansu.

Mafi yawan rigingimun maƙwabta daga irin waɗannan wurare suke tasowa. Wani ya karkato da ruwan wankansa cikin lungu, wani ya mayar da bayan katanga juji. Wannan ya tayar da janareta a gindin tagar maƙwabcinsa har tsakar dare, wancan ya saki awakinsa suna ɓarna a tsakar gida. Mafi muni shi ne majalisar samari da ke kafuwa a kango ko a ƙofar gida bayan sallar isha'i, ana shaye-shaye da ashar, har mata da 'yan mata su ji tsoron fita ɗiban ruwa. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan, in aka ɗauke shi shi kaɗai, bai kai a tara mutane ba. Amma wanda yake fama da shi kullum safe da yamma ya san yadda yake hana barci, yake kawo zazzaɓin cizon sauro da amai da gudawa, yake kuma raba zumuncin shekaru.

A ganinmu, tushen matsalar guda ne: ɗaki yana da mai shi, amma tsakar gida da lungu ba a ɗora alhakinsu a wuyan kowa ba. Idan ba a manta ba, gwamnatin Alhaji Shehu Shagari, tsakanin 1979 da 1983, ta gina gidaje masu sauƙin kuɗi a duk jihohin ƙasar nan, waɗanda har yau ake kira gidajen Shagari. Gwamnatocin da suka biyo baya ma sun yi nasu. Sai dai a irin wannan aiki hankali yakan tafi ga yawan gidajen da aka gina da yadda za a raba su. Da wuya a zauna a tsara wanda zai yashe magudanar ruwa, da wanda zai gyara famfon tuƙa-tuƙa in ya lalace, da wanda za a kai wa ƙara in wani ya addabi sauran. Shi kuwa mai gidan haya, sau da yawa ba a ganinsa sai ranar karɓar kuɗi. To, sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Abu na biyu shi ne kunya da kawaici. Halaye ne na gari, amma a nan sukan zama tarko. Mutum zai haƙura wata da watanni don kada a ce ya kai maƙwabcinsa ƙara, har ranar da tura za ta kai bango, abin da kalma biyu za su kashe ya koma dambe ko sara. Waɗanda suka fi cutuwa da wannan shiru su ne marasa baki a unguwa, wato zawarawa da tsofaffi da naƙasassu da baƙin da ke zaman haya.

Ba za mu ce babu doka ba. Jadawali na huɗu na Tsarin Mulkin 1999 ya ɗora wa ƙananan hukumomi kula da magudanun ruwa da kwashe shara da ban-ɗakunan jama'a, da sanya wa tituna suna da gidaje lamba. Dokar Penal Code da ta fara aiki a Arewa a 1960 ta mayar da damun jama'a laifi. A 2009 Gwamnatin Tarayya ta fitar da ƙa'idojin kayyade ƙara da hayaniya a ƙarƙashin hukumar NESREA. A nan jiha muna da hukumar kare muhalli ta SEPA, da kotunan shari'ar Musulunci da na majistare, sannan a 2023 gwamnatin Malam Dikko Umaru Raɗɗa ta kafa Hukumar Hisba. Haka kuma makarantar koyon aikin kiwon lafiya da ke Kankiya ta daɗe tana yaye ma'aikata, ciki har da magadan duba-garin da dattawanmu ke tunawa da su, waɗanda suke shiga gida-gida suna leƙa randa da kwata a zamanin En'e. Abin da ya yi ƙaranci shi ne hanya sananniya da talaka zai bi daga ƙofar ɗakinsa zuwa ga waɗannan hukumomi, ya kuma tabbata za a ba shi amsa.

A nan akwai darasi daga ƙasar Ingila, inda ƙananan hukumomi ke da gidajen bene masu yawa da suke bai wa talakawa haya, mutane suna tarayya a matakala da farfajiya. A 1998 suka yi dokar da ta bai wa kotu ikon haramta wa fitinanne shiga wata unguwa ko aikata wani abu, wadda aka fi sani da ASBO. Duk da haka, a 2007 wata uwa a gundumar Lesta ta hallaka kanta tare da 'yarta naƙasasshiya, bayan samarin unguwa sun shafe shekaru suna gallaza musu. Bincike ya nuna an kai kuka ga 'yan sanda fiye da sau 30, amma kowane kuka sai a ɗauke shi a matsayin ƙaramin abu, ba a taɓa haɗa su wuri ɗaya an ga girman lamarin ba. A 2014 aka sauya dokar. Daga cikin abin da sabuwar ta tanada, wanda ya kai kuka sau uku cikin wata shida bai ga an yi komai ba, yana da ikon tilasta wa ƙaramar hukuma da 'yan sanda da masu gidajen su zauna tare su sake duba maganarsa. Abin koyi a nan shi ne rubuta kowane kuka, da kuma sanin wanda zai amsa shi.

Wannan bai fi ƙarfinmu ba, domin muna da abin da su ba su da shi, wato mai unguwa da dagaci da hakimi da limami, waɗanda suka san kowa da iyayensa. Shawararmu ita ce a bi abin daki-daki. Da farko wanda aka cuta ya sami maƙwabcinsa a keɓe, cikin mutunci, ba a gaban yara ba. Idan bai ji ba, sai a sanar da mai gidan haya ko kwamitin mazauna rukunin gidajen. Ya kamata kowane rukuni ya kafa irin wannan kwamiti, a sa mace a ciki, domin mata su ne ke wuni a gida, su suka fi sanin abin da ke faruwa a bakin famfo. Kwamitin ya rubuta ƙa'idoji kaɗan da kowa zai gane: lokacin kashe janareta, wurin zuba shara, ranar yashe kwata, da kuɗin da kowane gida zai riƙa bayarwa na gyara. A karanta wa duk sabon shiga kafin ya sauke kayansa.

Idan abin ya gagari kwamiti, sai mai unguwa. Muna kira ga ƙananan hukumomi su bai wa kowane mai unguwa littafi da zai riƙa rubuta ranar da aka kawo kuka da abin da aka zartar. Maganar da ta dawo sau uku, ta wuce wurin dagaci da sashen lafiya na ƙaramar hukuma, kuma a sanar da mai ƙara inda aka kwana cikin mako biyu. Amma duk inda aka ga makami, ko barazana ga rai, ko cin zarafin mata da yara, to ya wuce sulhu, sai a tafi wurin 'yan sanda kai tsaye.

Game da shaye-shaye kuwa, tilas mu faɗa wa kanmu gaskiya. Binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta gudanar tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi, wanda aka fitar a 2019, ya nuna kimanin mutum miliyan 14.3 ne ke ta'ammali da ƙwayoyi a Nijeriya, kusan miliyan 3 daga cikinsu a shiyyarmu ta Arewa maso Yamma. Haramta sarrafawa da shigo da maganin tari mai kodin da aka yi a 2018 bai kawo ƙarshen matsalar ba. Korar samari daga wannan lungu zuwa wancan ba magani ba ne, haka ma dukansu. Ɗaukar doka a hannu laifi ne, kuma yakan haifar da gaba tsakanin gidaje. Mai sayar da ƙwaya shi ne za a kai rahotonsa ga hukumar NDLEA. Shi kuwa yaron da ya faɗa ciki, a kira mahaifinsa a gaban mai unguwa, a nema masa magani da sana'a, domin icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Masu kangwaye kuma a umarce su da su toshe ƙofofinsu.

Daga ƙarshe, muna jan hankalin shugabannin ƙananan hukumomi da kansiloli da iyayen ƙasa da kada su raina kukan da ake kawo musu a kan kwata ko akuya ko janareta. Wanda ya taso takanas ya zo gabansu, ya riga ya haƙura har ya gaji. Su kuma jama'a, kowa ya tuna cewa haƙƙin maƙwabci bai tsaya a gaisuwar safe ba, ya haɗa da barcinsa da lafiyar 'ya'yansa da hanyar da iyalinsa ke bi. Allah Ya ba mu zaman lafiya da maƙwabtanmu, amin.