Mai Suna Na Barci, Mai Takarda Na Ci

Albasar Galmi ba ta buƙatar mai gabatarwa. Daga kasuwannin Tawa har Abijan da Akara, sunanta kaɗai ya isa ya ɗaga farashin buhu. Amma a shekarun 2000, wani kamfanin irin shuka na ƙasar Senegal ya kai takarda hukumar OAPI da ke Yawunde, yana neman a ba shi haƙƙin wannan iri, da wannan suna, "Violet de Galmi". Manoman da kakanninsu suka tace irin cikin zafin rana ba su ji labari ba sai da magana ta yi nisa. Aka yi ca, Nijar ta ƙi yarda, sunan ya tsira da ƙyar. Sai a 2021 ne aka yi wa albasar Galmi da kilishin Nijar rajistar da ke ɗaure sunansu da ƙasarsu ta asali.

To, idan sunan da ƙasa duka ke alfahari da shi ya kusa sulalewa ta ƙofar ofis, ina makomar sunan ɗan kasuwa ɗaya tilo a Maraɗi ko Damagaram?

Ga abin da ya kamata a ce kowane mai kanti ya sani tun jiya. Nijar na cikin ƙasashe 12 da suka sa hannu a yarjejeniyar Libreville ta 1962, wadda yarjejeniyar Bangi ta 1977 ta gaje ta, aka sake yi mata gyara a 1999, sannan a Bamako a 2015. Yau ƙasashe 17 ne ke ƙarƙashin OAPI, kuma rajista ɗaya ta tambarin kaya tana aiki a cikinsu duka, daga Dakar har Njamena, tsawon shekara 10, ana sabuntawa. Amma dokar tana da haƙori: tambari na wanda ya riga kai takarda ne. Wanda ya shekara ashirin yana sayar da kayansa ba rajista, idan wani ya riga shi, ɗan wa'adi kaɗan doka ta ba shi ya tashi ya nemi haƙƙinsa. Wa'adin ya wuce yana barci, shi ke nan, mai gida ya zama baƙo.

A ɗauki misalin wata hajiya mai sana'ar sabulu. Ta zaɓi suna, ta buga leda, ta biya rediyo talla, matan gari suka saba. Tana da rajistar kasuwanci, tana da lambar haraji, tana biyan patanti ba fashi, don haka ta ɗauka sunanta a kulle yake. Ba a kulle yake ba. Rajistar kasuwanci shaida ce cewa ita ƴar kasuwa ce. Ba ita ce rajistar tambarin da ke jikin sabulunta ba. Ran da wani mai wayo ya kai wannan suna Yawunde, shi ne zai aiko mata da takardar gargaɗi, shi ne zai iya neman kotu ta sa a kama kayanta a matsayin jabu. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Laifin wa? Kashi na farko na ƴan kasuwar ne kansu, kuma gaskiya ɗaya ce, daga ƙin ta sai ɓata. Alhajin da zai zubar da miliyoyin sefa a bikin ɗiyarsa, ya ɗinka wa maroƙa riguna, shi ne zai murtuke fuska idan aka ce ya biya aboka kuɗin shawara na awa ɗaya. A wurinsa lauya mutumin ranar masifa ne, ba a zuwa gunsa sai sammaci ya iso. Wai kowa ya san shi, wai kasuwa ce shaidarsa. Alƙali ba ya tambayar kasuwa, takarda yake tambaya.

Alhali aikin da masanin doka zai yi masa tun farko ba tsafi ba ne. Zai bincika ko wani ya riga ya yi rajistar sunan ko mai kama da shi, kafin a kashe kuɗin buga kwali da leda. Zai gaya masa cewa ba a mallakar kalmar da ke bayyana kayan kanta: ba mai iya kulle kalmar "kilishi" a kan kilishi, ko "madara" a kan madara, sai an samo suna mai bambantawa. Zai zaɓa masa rukunin da ya dace cikin rukunai 45 na tsarin duniya, domin sabulu na rukuni na 3, nama da man girki na 29, shinkafa da gari na 30, ruwan sha da lemo na 32, kuma rajistar wani rukuni ba lallai ta kare shi a wani ba. Zai riƙa duba mujallar hukumar don ya yi adawa cikin lokaci idan wani ya kwaikwayi sunan. Zai tuna masa cewa tambarin da aka bari shekara 5 ba amfani ana iya neman a soke shi.

Sannan ga babban ramin da ƴan kasuwar iyaka ke faɗawa. Najeriya ba ta cikin OAPI. Takardar Yawunde tana ƙarewa a Ɗan Isa. Ba ta da ƙarfi a Jibiya, balle Katsina ko Kano, inda kayan Maraɗi da Damagaram ke kwana kowace rana. Mai son kariya can sai ya yi wata rajista a Abuja, inda wa'adin farko shekara 7 ne, sabuntawa kuwa shekara 14. Ɗan kasuwa nawa aka taɓa zaunar da shi aka gaya masa wannan?

A nan ne kashi na biyu na laifin, wanda ya fi nauyi, ke sauka kan hukumomi. Ƙasa ta shekara sama da sittin cikin wannan tsari, amma maganarsa ba ta bar harshen Faransanci ba, ba ta bar ɗakunan taro masu sanyi na Yamai ba. A yi taron ƙara wa juna sani, a sha lemo, a karɓi kuɗin zama, a watse. Mai kilishi da ke hura wuta tun asuba, da mai cuku, da majemin fatar jar akuyar Maraɗi, ba su da kujera a wurin. Gwamnatin da ta san hanyar rumfar kowane ɗan tireda ranar karɓar haraji, ta yaya ta manta hanyar ranar da ya kamata ta koya masa kare dukiyarsa? Ƴan siyasa kuwa, da ke cika dandali da kirarin "a ci abin gida, a sa abin gida", su faɗa wa jama'a amfanin tallata kayan gida idan sunan da ke kansu na iya zama mallakar baƙo.

Su ma lauyoyi ba su fita ba. Yawancinsu sun tare a babban birni, suna jiran manyan shari'u, kamar dai ƙaramin ɗan kasuwar Tasawa ko Madawa bai cancanci shawara ba.

Maganin ba ya buƙatar tallafin ƙasashen waje. A fassara ƙa'idojin rajista cikin Hausa da Zabarmanci, a karanta su a gidajen rediyo. A buɗe teburin shawara a kowane reshe na majalisar ƴan kasuwa, da kuɗin rajista a rubuce a bango, don kada ƴan tsakiya su mai da abin wata hanyar tatsa. Ƙungiyoyin masu sana'a su haɗa kuɗi su ɗauki aboka ɗaya, tun da dokar ta yarda da tambarin haɗin gwiwa.

Albasar Galmi ta tsira ne don ƙasa ta yi mata ihu. Sabulun hajiya ba shi da mai yi masa ihu. Ko dai a kai takarda tun da sauran rana, ko kuwa a wayi gari ana sayen izinin amfani da sunan da aka gina da gumi a hannun wanda bai taɓa taka kasuwar ba.