Karanta saƙon kafin ka danna OK



A hutun da ya wuce Yayana ya bar mini laftof ɗinsa na kwana uku, da sharaɗin kada in taɓa foldar da aikinsa na kammala karatu yake ciki. Ranar farko abokina ya zo ya sa mana wasan ƙwallo na PES 2017. Muka danna, allon ya yi baƙi kamar zai buɗe, sai wani ɗan akwati ya fito da rubutun Turanci. Na danna OK. Muka sake, ya sake fitowa. Mun yi haka ya kai sau goma, kuma babu wanda ya karanta rubutun a cikinmu.

Abokina ya ce mu kai wa mai gyara a yi fomatin, wai haka ake yi. Da na bi shawararsa da na shiga uku, domin fomatin yana share duk abin da ke ɓangaren C, aikin Yaya kuwa a nan yake.

Washegari na zauna ni kaɗai na karanta saƙon a hankali. Ashe kwamfutar faɗa mini matsalarta take yi tun jiya: wani fayil mai suna d3dx9_43.dll ne babu. Na kwafi sunan a takarda, na bincika da wayar Mama. Fayil ɗin na DirectX ne, wato manhajar kamfanin Microsoft da wasanni ke dogara da ita wajen nuna hoto da fitar da sauti. Windows 10 tana zuwa da DirectX 12, amma ba ta zuwa da wasu tsofaffin fayilolin DirectX 9, shi kuma wannan wasan su yake nema. Ga lambar 9 ma a cikin sunan, ni ne ban lura ba. Na sauke kunshin DirectX na watan Yunin 2010 daga shafin Microsoft, na danna DXSETUP da ke cikinsa, ko minti biyar ba a yi ba wasan ya buɗe. Da na ga 'yan wasan suna tafiya kamar masu ciwon ƙafa, sai na shiga Settings na rage ingancin hoton, na kuma jona caja, domin laftof yakan rage ƙarfinsa idan batir kaɗai yake ci.

Gargaɗi ɗaya: akwai shafukan da ke ba da fayil ɗin dll shi kaɗai kyauta. Ku guje su, ta irin wannan hanyar bairus yake shiga. Idan kuma sunan da ya fito MSVCP140.dll ne, to Visual C++ ake nema, shi ma Microsoft ke bayarwa.

Na san wasu malamanmu za su ce wasa ɓata lokaci ne. Ban musa ba, ni kaina sai da Mama ta ƙwace laftof ɗin a dare na biyu. Amma a ganina abin da na koya ranar nan darasin kwamfuta ne na gaske. A aji mun zana kibod da maus a littafi, mun haddace sunayen sassan kwamfuta, sai dai ba mu taɓa yin darasin abin da mutum zai yi idan ta ƙi aiki ba. Kuma tun 2015 a kwamfuta ake rubuta jarrabawar JAMB. Wanda ya saba danna OK ido rufe, me zai yi ranar da saƙo ya fito masa a ɗakin jarrabawa?

Roƙona ga Malaminmu na kwamfuta shi ne a ware mana darasi ɗaya a zangon nan. Malam ya kawo saƙonnin matsala guda uku ko huɗu, ko a kan allo ne ya rubuta su, mu karanta, mu fassara da Hausa, kowa ya faɗi abin da yake zaton kwamfutar ke nema. Wannan ko babu wuta za mu iya yin sa.

Da Yaya ya dawo, foldarsa ya fara dubawa, ya same ta lafiya lau. Sannan ya ja kujera muka buga, ya ci ni huɗu da nema.