Shin Ɗan'adam Ya Taka Wata?

Kwanan baya na tarar da gardama ta yi zafi a teburin mai shayi a Gyaɗi-Gyaɗi. Wani dattijo daga Tarauni ya rantse cewa Amurkawa ba su taɓa sauka a wata ba, wai a ɗakin shirya fim aka ƙulla komai. Samari suka goyi bayansa, har da ɗaliban jami'a. Wannan ne ya sa na ɗauki alƙalami.

Ban ga laifin mai shakka ba. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu, kuma manyan ƙasashe sun sha shirga mana ƙarya. Amma shakka ba ta zama hujja sai an auna ta.

To, mu auna. Ranar 20 ga Yuli, 1969, Neil Armstrong da Buzz Aldrin suka sauka daga kumbon Apollo 11. Daga nan zuwa 1972 an sauka sau shida, mutum goma sha biyu suka taka wata, suka kwaso duwatsu da ƙasa kilo 382, waɗanda masana na ƙasashe dabam-dabam suka bincika. Sun bar madubai a can, har yau ana harba musu haske daga duniya yana dawowa. Tutar da ake cewa iska ce ke kaɗa ta kuwa, sanda aka zura a samanta don ta miƙe.

Babbar shaida ita ce ta abokin gaba. Tarayyar Sobiyet, wadda ke tseren sararin samaniya da Amurka, ba ta ƙaryata ba. Da ta ga kafa, da ta tona asiri.

Mu Kanawa ma ba baƙin wannan aiki ba ne. A nan Kano hukumar NASA ta kafa tashar bin sawun kumbo, kuma a 1962 John Glenn ya yi magana da ita yana kewaya duniya.

Malamaina da 'yan'uwana ɗalibai, a kowace shekara muna ɗaukar azumi bisa shaidar waɗanda suka ga jinjirin wata, ko da mu ba mu gani ba, domin an tantance shaidun. Wannan ma'aunin ya kamata mu ɗora a nan. Ɗalibin da ya saba ƙin labari don kawai bai so mai kawo shi ba, gobe zai karɓi ƙarya don yana son mai faɗinta.

Allah Ya nuna mana gaskiya, Ya ba mu ikon binta.